Takardar da Darakta Ya Aiko

Darakta ya aiko da takarda da la'asar,
an tsaga ta gida-gida kamar gonar gado:
nan maza, nan mata, nan jimla,
nan waɗanda suka ci, nan waɗanda suka faɗi.
Gobe da hantsi anspekta zai aiko a karɓa.
Na zauna bakin ajin zana, nan Bagalam,
bik ɗina yana yoyo,
akuyar maƙwabta tana cin bangon ajina.

Tamanin da uku na rubuta ran buɗe lakwal,
arba'in da bakwai maza, talatin da shida mata.
Yau in na kira suna, saba'in da ɗaya ke amsawa.
Sha biyun nan, mai tsaga takarda bai yi musu gida ba.
Harisu yana Jiratawa, ban-ruwan tumatirin babansa.
Jaɗi ya bi shanu kudu tun kafin sanyi ya sauka.
Su Tsayabu kuɗin haya ya kore su,
an ce an gan su can bayan Zariya.
Sauran tara na tambaya har bakina ya gaji.

Talatin da ɗaya suka ci.
In na raba da tamanin da uku,
talatin da bakwai ke nan cikin ɗari.
In na raba da saba'in da ɗaya,
arba'in da huɗu saura ƙiris.
Na san wadda darakta zai fi so,
ni ma da na fi barci da ita.

Shafa'atu ce ta farko, takwas da rabi cikin goma.
Kayenta duk tabon man ƙuli-ƙuli,
don a gindin kaskon uwarta take bita.
Wannan dai takarda ta san da zamanta.

Amma ina zan sa Agali, ɗan mai gadin kanti?
Ya zo mini ba Hausa, ba Faransanci,
yana riƙe alli kamar mai riƙon wuƙa.
Jiya ya karanta layi uku bai tsaya ba,
ajin ya yi tsit, har ya tsorata da muryarsa.
Huɗu da rabi ya samu.
Gidansa a takarda: ya faɗi.

Zulai kuwa daga ƙetaren iyaka suka gudo da dare.
Tana ƙirga da Ingilishi a yatsunta,
ta juya shi Hausa a zuci,
sannan ta rubuta mini da Faransanci a allo.
A lissafi mutum ɗaya ne gabanta,
a dikte babu kowa bayanta.

Ga Ma'azu, da na yi wata huɗu ina ce masa malalaci,
ashe daga layin baya bai ganin abin da nake rubutawa.
Wannan faɗuwar tawa ce,
sunansa aka sa mata.

Littafin karatu ɗaya, kawuna biyar,
biyu daga ciki a juye suke ganin haruffa.
Babu gidan wannan ma.

An kira magariba a masallacin unguwa.
Hatsin da ke rumbu ba shi ne duk abin da aka shuka ba,
amma mai awo mudu ya sani.
Na raba da tamanin da uku.
In na goge sha biyu don lissafi ya yi kyau,
na ce ke nan ba su taɓa zama a tabarmar nan ba,
ni ko na san wurin zaman kowa.

Da safe, kafin a buga ƙarfe,
sai ga Harisu, ƙafa duk taɓo,
allo a hammata, tumatir biyar a leda.
Ya ce, “Mushe, an yi jarrabawa?”
Na ce an yi. Shiga ka zauna.
Na ɗauko rajista na sa masa alama,
takardar kuwa ta riga ta tafi a bayan babur.